Doguwar cuta, gajeriyar kwangila: yadda ƙananan hukumomi ke sayen jinyar masu jarabar ofiyoyid

A zaman majalisar ƙaramar hukuma, irin wannan batu yakan zo ne can ƙarshen ajanda, bayan an gama da gyaran hanya da kwashe shara: a amince a sabunta kwangilar cibiyar da ke jinyar masu jarabar ƙwayoyi na ƙarin shekara guda. A ɗaga hannu, a wuce. Amma a cikin waɗannan shafuka da ba kowa ke karantawa ba ne ake yanke ko mutumin da ya zo neman taimako yau zai samu magani yau, ko za a ce masa ya dawo bayan mako uku. Ga wanda ke sayen ƙwaya a titi, ba tare da ya san abin da aka gauraya a ciki ba, mako uku ya isa a yi jana'izarsa.

Ofiyoyid suna ne da ya haɗa dangin ƙwayoyi masu kashe zafin ciwo: mofin, kodin, tiramadol, oksikodon, hiroyin, da kuma fentanil, wanda ƙarfinsa ya ninka na hiroyin kusan sau hamsin. Idan mutum ya daɗe yana sha, jikinsa yakan saba, ya riƙa neman ƙari. Ranar da ya rasa kuwa, sai ciwon gaɓoɓi, gudawa, amai, zufa da rashin barci su taso masa gaba ɗaya. Da yawa daga cikin masu sha sun daɗe da daina jin wani daɗi, gudun wannan azaba kawai suke yi. Abin da ke kashe su shi ne idan ƙwayar ta yi yawa takan danne numfashi har ya tsaya. A Amurka, a shekarar 2022, kusan mutum 108,000 ne suka mutu sakamakon shan ƙwaya fiye da kima, kuma sama da 80,000 daga cikinsu akwai ofiyoyid a lamarin.

Jinyar da ake magana a kai ta jeka-ka-dawo ce. Ba a kwantar da majiyyaci. Yana zuwa ya karɓi magani, ya ga likita ko mai ba da shawara, ya koma gidansa da sana'arsa. Magunguna uku ne ginshiƙinta. Akwai metadon, wanda Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara gwadawa a kan masu jarabar hiroyin a cibiyar Rockefeller da ke New York a tsakiyar shekarun 1960. Akwai bufurenofin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2002. Sai naltirekson, wanda ake yi wa mutum allurarsa wata-wata, ya toshe tasirin ƙwayar, sai dai ba a fara shi sai jiki ya yi kwanaki babu ƙwaya, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Biyun farko su kansu ofiyoyid ne, shi ya sa har gobe ake samun masu cewa an sauya wa mutum wata ƙwaya da wata ne kawai. Abin da bincike na shekaru da dama a ƙasashe daban-daban ya nuna shi ne, wanda ke kan metadon ko bufurenofin haɗarin mutuwarsa yakan ragu da kusan rabi ko fiye. Ya kuma nuna wani abu da ya kamata duk mai rubuta kwangila ya haddace: makonnin farko bayan an daina maganin su ne mafi haɗari, domin jiki ya manta da sabon da ya yi, adadin da a da ba ya yi wa mutum komai yanzu sai ya kashe shi.

Daga nan ne duk sauran maganar ta taso. Abin da hukuma ke saye da kuɗin jama'a shi ne mutum ya ci gaba da zuwa, wata bayan wata, wani lokaci shekara da shekaru. Amma kasafin kuɗi na shekara guda ne, kwangila ta 'yan shekaru ce, wa'adin zaɓaɓɓu ma gajere ne, kuma kowa yana son ya nuna adadin waɗanda aka "warkar" kafin ya sauka.

To, wa ke biya? A Amurka, ƙaramar hukumar da ta fi ɗaukar wannan nauyi ita ce gunduma, kuma akwai su sama da dubu uku. Sai dai gunduma ba ita ce babbar mai biya ba. Babban mai biya shi ne Medicaid, inshorar lafiyar marasa ƙarfi da gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinta. Dokar lafiya ta 2010 ta ba jihohi damar faɗaɗa ta ga manya masu ƙaramin samu, jihohi 40 da birnin Washinton sun karɓa, goma ba su karɓa ba, ciki har da Texas da Florida. Wannan bambanci yana da girma ga gunduma. Inda aka faɗaɗa, yawancin majiyyata suna da inshora, sai kuɗin gunduma ya tafi wajen cike giɓi: wanda takardunsa ba su kammala ba, kuɗin mota zuwa cibiya, albashin tsofaffin masu jaraba da ake ɗauka aiki su riƙa bibiyar sababbi. Inda ba a faɗaɗa ba kuwa, kuɗin gunduma da tallafin da ke gangarowa daga tarayya ta hannun jiha su ne kusan komai ga talakan da ba shi da inshora. Idan suka ƙare kafin shekara ta ƙare, sai a buɗe jerin masu jira.

Kowace jiha da irin nata tsari. A Ohayo akwai hukumomin gunduma na musamman masu kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu suna dogaro da harajin gidaje da mazauna ke kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi, a sake kawo shi gabansu bayan wasu shekaru. A Pennsylvania kowace gunduma, ko gundumomi 'yan kaɗan a haɗe, tana da hukuma guda da ke karɓar kuɗin jiha da na tarayya ta raba ga cibiyoyi. A Kalifoniya gundumomi ne ke tafiyar da ɓangaren Medicaid na jinyar shaye-shaye, su ke ƙulla kwangila da cibiyoyin. Abin da ya haɗa su shi ne, ba kasafai gunduma ke yin jinyar da hannunta ba. Takan tallata aikin, ƙungiyoyin sa-kai da kamfanoni masu neman riba su nema, ta zaɓa, ta biya, ta sa ido. Wato dai ɗan kwangila ne ke riƙe da majiyyaci, hukuma tana riƙe da takarda.

Ingila ta bi wata hanyar, kuma darasinta ya fi fitowa fili saboda an yi sauyin a lokaci guda. Dokar lafiya ta 2012 ta ɗauke alhakin sayen jinyar shaye-shaye ta miƙa wa ƙananan hukumomi daga watan Afrilun 2013, su biya daga tallafin lafiyar al'umma da gwamnatin tsakiya ke ba su. A takarda hujjar tana da kyau: ƙaramar hukuma ce ke kula da gidaje da walwalar jama'a, ita ta fi kusa da matsalar. Amma a 2015 aka zabge fam miliyan 200 daga tallafin a tsakiyar shekara, aka ci gaba da rage ƙimarsa a shekarun da suka biyo. Ƙananan hukumomi suka shiga sake tallata kwangila bayan kowace 'yan shekaru, kowane zagaye da ƙaramin kuɗi. Da Dame Carol Black ta miƙa kashi na biyu na binciken da gwamnati ta sa ta yi, a Yulin 2021, hoton da ta zana bai da daɗin gani: ma'aikata sun ragu, ƙwararrun likitoci sun bar fagen, kowane ma'aikaci yana ɗauke da majiyyata fiye da ƙarfinsa. A Disambar wannan shekara gwamnati ta fitar da sabon tsari na shekara goma, ta yi alkawarin ƙarin fam miliyan 780 cikin shekara uku don jinya da farfaɗowa. Kuɗin sun taimaka, amma ba a dawo da ƙwararren da ya yi shekara goma sha biyar yana aikin da sa hannu a takarda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato yadda ake biyan ɗan kwangilar. Hanya mafi daɗewa ita ce a ba cibiya dunƙulen kuɗi na shekara, ta biya albashi da haya, ta karɓi duk wanda ya zo. Wannan yana ba ta kwanciyar hankali, tana iya ɗaukar ma'aikata ta riƙe su. Illarsa ita ce ko ta ga mutum ɗari ko ɗari uku kuɗin ɗaya ne, don haka babu abin da ke tura ta ta buɗe ƙofa da yamma ko ta fita neman waɗanda suka ɓace.

Sai aka ce to a biya bisa kowane aiki: ganin likita kaza, zaman shawara kaza, gwajin fitsari kaza. Nan take yawan aiki ya ƙaru, amma aikin da ake biya ne ya ƙaru, ko majiyyaci yana buƙatarsa ko ba ya buƙata. Idan zaman shawara na rukuni ne ke kawo kuɗi, sai ka ga an wajabta wa mai aikin yini ya halarci zama sau uku a mako, in ya gaza a sallame shi daga maganin da ke riƙe da ransa. Kiran waya ga wanda bai zo ba, ko raka shi ofishin neman gida, ba su da layi a takardar biya, don haka ba a yin su. Gwajin fitsari kuwa ya taɓa zama hanyar da ake damfarar kamfanonin inshora a kudancin Florida a shekarun 2010, har hukumomi suka kama mutane da dama. Don a rage irin wannan ne wasu masu biya suka koma dunƙule kuɗin mako guda ga kowane majiyyaci, ya haɗa magani da shawara da gwaji. Medicare, inshorar tsofaffi ta Amurka, haka take biyan cibiyoyin metadon tun Janairun 2020. A ganina wannan ya fi kusa da gaskiyar cutar, domin cibiya tana samun kuɗi ne muddin mutumin yana nan. Amma shi ma yana buƙatar ido, kada cibiya ta riƙa karɓar kuɗin mako tana miƙa kofin magani ta taga kawai.

Hanyar da ta fi burge 'yan siyasa ita ce a biya bisa sakamako: ka warkar, a biya ka. Ingila ta gwada wannan a yankuna takwas daga 2012. Masu binciken da suka bi diddigin gwajin sun gano cewa a waɗannan yankuna, adadin masu kammala jinya cikin nasara raguwa ya yi idan aka kwatanta da sauran wurare. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda kwangila ke aiki. Idan kuɗinka ya rataya a kan wanda zai warke, za ka so mai sauƙin warkewa, mai gida da aiki da iyali. Wanda ke kwana a titi, ga taɓin hankali, ga fentanil, ya zama asara a littafinka. Akwai kuma matsalar ma'aunin kansa. Idan "nasara" tana nufin mutum ya bar jinya ba ya shan komai, har da metadon, to kwangilar tana ba ma'aikaci lada ne a kan ya rage wa mutum magani ya sallame shi, wato ya tura shi cikin waɗannan makonni masu haɗari da aka ambata. Wanda ya shekara biyar a kan bufurenofin, yana aiki, yana ciyar da 'ya'yansa, a irin wannan lissafi bai yi nasara ba. Wanda aka sallama ya mutu bayan wata biyu kuwa, idan ba a haɗa bayanan jinya da na mace-mace ba, yana iya shiga sahun waɗanda suka warke, tunda bai dawo ba.

Shi ya sa ma'aunan da suka fi amfani ba su da armashi a bakin mai jawabi. Kwana nawa tsakanin ranar da mutum ya nemi taimako da ranar da ya sha magani na farko? Cikin waɗanda suka fara, nawa ne ke nan bayan wata shida? Nawa aka kora, kuma a kan wane dalili? Kowa ya fita da nalokson a hannunsa, maganin da ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, wanda tun 2023 ake sayar da shi a Amurka ba tare da takardar likita ba? Kwangilar da ta hana korar majiyyaci don kawai an ga ƙwaya a fitsarinsa ta fi wadda ta cika shafi goma da alkawura. Komawa shan ƙwaya alama ce ta cutar da ake jinya. Ba a korar mai ciwon sukari daga asibiti don sukarinsa ya hau.

Akwai kuma iyakar abin da gunduma za ta iya saye, ko da tana da kuɗin. A Amurka ba a ba da metadon don jinyar jaraba sai a cibiyoyi na musamman da tarayya ta ba lasisi, kuma tsawon shekaru majiyyaci sai ya zo kusan kullum ya sha a gaban ma'aikaci. Ga mazaunin karkara wannan na iya zama tafiyar sa'o'i kowace safiya. A lokacin annobar korona aka sassauta, a 2024 kuma aka tabbatar da sassaucin, har wanda ya daidaita zai iya tafiya gida da maganin kwana 28. Tun 2021 an sake halatta motocin da ke kai metadon ƙauyuka. Bufurenofin ma an daɗe ana ɗaure shi: likita sai ya yi horo na sa'a takwas ya samu izini na musamman, a shekarar farko kuma ba zai wuce majiyyata 30 ba, sai a ƙarshen 2022 aka soke wannan sharaɗi. Faransa tun tsakiyar shekarun 1990 ta bar kowane likita ya rubuta shi, kuma mace-macen hiroyin suka faɗi sosai cikin 'yan shekaru. A Ingila majiyyaci yakan sha metadon ɗinsa ne a kantin magani na unguwa, a gaban mai harhaɗa magani, ita ma wannan hidimar ƙaramar hukuma ce ke biyanta. Gundumar da ta lura da waɗannan sauye-sauye za ta iya rubuta su a kwangila. Wadda ta kwafo takardar shekarun baya ta sabunta kwanan wata kawai, tana biyan kuɗi ne a kan ƙa'idojin da doka ta riga ta yi watsi da su.

Wani abin ban takaici shi ne, sau da yawa hukumar da ke biyan kuɗin jinya ita ce kuma ke ba da izinin gini, kuma maƙwabta ba sa son cibiyar metadon a layinsu. Sashe ɗaya ya ware kuɗi, ɗaya sashen ya hana wuri: tufka da warwara. Kotunan Amurka sun sha shiga tsakani. A 1999 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar da ta shafi birnin Antioch na Kalifoniya, ta ce dokar kare masu naƙasa, wadda ta haɗa da masu jinyar jaraba, tana aiki a kan irin waɗannan dokokin tsara gari.

Gidan yari ya cancanci a tsaya a kansa, domin a Amurka kurkukun da ake fara tsare mutane yawanci na gunduma ne, kuma bisa asalin doka Medicaid ba ta biyan jinyar wanda ke tsare. Nauyin yana kan gunduma kai tsaye. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washinton ya gano cewa a mako biyun farko bayan fita, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Jihar Rhode Island ta fara ba da magungunan uku a gidajen yarinta a 2016, tare da haɗa fursuna da cibiya a waje kafin a sake shi, kuma binciken farko ya nuna mace-macen waɗanda aka saki sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. A Janairun 2023 Kalifoniya ta zama ta farko da aka yarje wa ta yi amfani da Medicaid a kwanaki 90 na ƙarshe kafin saki. Gundumar da ke biyan wani kamfani ya kula da lafiyar fursunoni, tana biyan wata ƙungiya dabam ta yi jinya a gari, idan kwangilolin biyu ba su ambaci juna ba, to mutumin a bakin ƙofar kurkuku yake faɗuwa, kuma kowane ɗan kwangila zai nuna cewa ya cika sharuɗɗansa.

Sai kuma sabon kuɗin da ya shigo. Jihohi da dubban gundumomi da birane sun kai ƙarar kamfanonin da suka ƙera, suka rarraba, suka sayar da waɗannan ƙwayoyi. A 2021 aka sanar da sulhun dala biliyan 26 da manyan dillalai uku, McKesson, Cardinal Health da AmerisourceBergen, da kuma kamfanin ƙera magani na Johnson & Johnson. Dillalan za su biya nasu biliyan 21 cikin shekara 18. Daga baya manyan kantunan sayar da magani irin su CVS, Walgreens, Walmart da wasu suka biyo, jimillar ta haura biliyan 50. An koyi darasi daga sulhun taba sigari na 1998, inda jihohi suka karɓi maƙudan kuɗi amma ɗan ƙanƙani ne ya tafi yaƙi da shan taba, don haka aka sharɗanta cewa aƙalla kashi 85 cikin ɗari a kashe shi a kan matsalar ofiyoyid. Kowace jiha ta tsara rabonta. Karolina ta Arewa, alal misali, ta ba gundumomi da birane kashi 85, jiha ta riƙe 15.

A nan ne ƙananan hukumomi suka samu iko irin wanda ba su saba da shi ba, kuma ba duka ne suka shirya ba. 'Yan jarida sun bankado wuraren da aka sayi motocin 'yan sanda da na'urorin binciken jiki da wannan kuɗi. Wannan ana gani, ana surutu. Wanda ba a gani shi ne musanya: gunduma ta saka kuɗin sulhu a inda a da take saka nata, ta kwashe nata ta kai wani aikin. A littafi an kashe kuɗin a kan jinya, a ƙasa ba a ƙara ko kujera ɗaya ba. Ƙaramar gunduma kuma rabonta na shekara ba ya isa ta ɗauki likita ɗaya, shi ya sa masu hankali ke haɗa kai da maƙwabta su yi kwangila guda.

Ko da an kashe shi daidai, kuɗin sulhu yana da ranar ƙarewa, kuma adadin da ke shigowa ba ɗaya ba ne kowace shekara. Idan aka buɗe cibiya da shi, aka ɗauki ma'aikata, aka ɗora mutum ɗari biyu a kan magani, sai an san tun farko wa zai ci gaba da biya: shin cibiyar za ta iya rayuwa da kuɗin Medicaid bayan shekara biyu ko uku, ko kuwa ranar da tallafin ya tsaya ita ma ta tsaya? Haka nan idan wa'adin kwangila ya cika, wata ƙungiya ta kayar da mai riƙe da aikin. Ma'aikatan da suka ji ƙishin-ƙishin tun watanni kafin lokacin sun fara neman wani aiki. Bayanan majiyyata, waɗanda dokar tarayya ta tsaurara sirrinsu, ba sa ƙaura cikin sauƙi. Sabuwar cibiyar tana iya kasancewa a wancan gefen gari, da sababbin sa'o'i da sabon likita da bai san kowa ba. Sashen kwangilar da ke bayanin wannan miƙa aiki yawanci sakin layi ɗaya ne kusa da ƙarshe, kuma a cikinsa ne ya kamata a rubuta sunan ɓangaren da zai ba kowane majiyyaci maganinsa da safiyar ranar farko bayan sauyin.